Horar da Masu Kai Sammaci a Shari'un Madaniyya: Nazari Daga Ƙasar Aujara ta Jihar Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi aikin ma'aikacin kotu mai kai sammaci da sauran takardun shari'a a ƙararrakin madaniyya, wato na bashi da gado da gona da aure da makamantansu. An bi asalin aikin a fiƙihun Malikiyya da tarihin kotunan Arewa, an bayyana matsayinsa a dokar Najeriya, sannan aka auna shi da yanayin zaman jama'a a ƙasar Aujara ta Ƙaramar Hukumar Jahun. Maƙalar ta nuna cewa ingancin hukunci yana rataye ne a kan ingancin isar da sammaci, kuma kaso mai yawa na gwanintar da aikin yake buƙata ta harshe ce da al'ada. Saboda haka masana Hausa suna da rawar takawa wajen tsara horon da ya dace da masu wannan aiki.

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen kotu, hankalin jama'a kan tafi ga alƙali da lauya da shaidu. Da wuya a tuna da mutumin da ya hau babur ya bi hanyar ƙauye don miƙa wa wanda ake ƙara takardar kira, alhali kuwa da aikinsa shari'a take farawa. Idan aka yanke hukunci ma, shi ake turawa ya kama dukiya ko ya damƙa gona ga wanda aka ba gaskiya. Mutum zai iya rasa gonarsa ta gado ba tare da ya buɗe baki a gaban alƙali ba, in har aka rubuta cewa an kai masa sammaci alhali bai gan shi ba. Haka kuma mai gaskiya zai iya shekaru yana bin haƙƙinsa, ya yi nasara, sai kotun ɗaukaka ƙara ta rushe komai saboda kuskuren da aka yi a ranar farko.

An zaɓi Aujara a matsayin fagen nazari domin tana wakiltar irin garuruwan da mafi yawan masu zuwa kotu a Jihar Jigawa suke fitowa daga cikinsu. Gari ne na noma da kasuwanci a Ƙaramar Hukumar Jahun, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na Masarautar Dutse, kewaye da ƙauyuka da rugagen Fulani. Abin da ya shafi mai kai sammaci a nan ya shafi takwarorinsa a Kiyawa da Miga da Birnin Kudu.

2.0 Sunayen Aikin da Ma'anoninsu

Kalmar sammaci aro ce daga Ingilishi, ta kuma zauna daram a Hausa har ta samu nata salon magana, kamar a ce wane ya yanko wa wane sammaci. Ma'anarta a shari'a takarda ce da kotu ke bayarwa tana sanar da mutum cewa an kai ƙararsa, tana faɗa masa wanda ya kai ƙarar da abin da ake nema da ranar da zai bayyana. Ta bambanta da waranti, wanda umurni ne na kamu. A bakin jama'a kuwa sau da yawa ana cakuɗa su, shi ya sa ganin takardar kotu kan sa wasu su ɓuya kamar masu laifi, ko da kuwa shaida kawai ake nema su bayar.

Shi ma ma'aikacin yana da sunaye fiye da ɗaya. Ana ce masa masinjan kotu, ana ce masa ɗan aiken alƙali, a manyan kotuna kuma ana ce masa belif. Wannan suna na ƙarshe yana kama da kalmar beli a kunne, ga shi kuwa aikin belif bai shafi bayar da beli ba. A tsarin da jihohi ke bi, babban magatakardar Babbar Kotu shi ne sherif, wato shugaban masu isar da takardu da zartar da hukunci, magatakardan rassa su ne mataimakansa, belif kuma shi ne mai fita ya aiwatar. A wannan maƙala an yi amfani da mai kai sammaci domin ya haɗe su duka.

3.0 Asalin Aikin a Kotunan Ƙasar Hausa

Aikin ya girmi zuwan Turawa. Littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da su, musamman Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, malamin Garnaɗa da ya rasu a 1426, sun yi bayanin yadda ake kiran wanda ake ƙara. A Muhtasar an nuna cewa alƙali yana kiran abokin husuma ta hanyar aika masa hatimi ko manzo, muddin yana tazarar da mutum zai fita da safe ya dawo gida ya kwana. An kuma kasa wanda ba ya nan kashi uku. Na kusa hukuncinsa ɗaya ne da wanda yake gari. Wanda yake tazarar kwana goma, ko kwana biyu a hanya mai hatsari, ana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa bayan mai da'awa ya yi rantsuwa, amma ban da abin da ya shafi mallakar ƙasa ko gida. Na nesa ƙwarai kuwa ana iya yanke masa hukunci, tare da kiyaye masa damar kawo hujjarsa idan ya dawo. Tuhfa ta ƙara da cewa ladan ɗan aiken alƙali yana kan mai neman haƙƙi, sai fa idan wanda ake ƙara ya yi taurin kai, to a nan shi zai biya. Tushen duk wannan shi ne umurnin da Annabi (SAW) ya ba Sayyidina Aliyu lokacin da ya tura shi Yaman, cewa kada ya yanke hukunci sai ya saurari ɓangare na biyu kamar yadda ya saurari na farko. Daga nan ne kuma i'izari ya samo ƙarfinsa, wato tambayar da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja.

Ƙasar Dutse ta daɗe a ƙarƙashin Masarautar Kano, don haka tsarin alƙalanci na Kano shi ya yi aiki a yankin. Bayan da Turawa suka kafa mulki, dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar alƙalai a kan kujerunsu, Turawan kuma suka shigo da albashi da littafin ƙara da rasit. A zamanin En'e alƙali yana da muhuti da magatakarda da masinja, kuma kira kan bi ta hannun hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. An buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Daga 1959 Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki ta Zariya ta shiga horar da alƙalai da ma'aikatan kotunan gargajiya a kan sababbin dokokin da suka fara aiki a 1960. Dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta cire kotuna daga hannun En'e ta mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma a shekarar 2000 jihar ta shiga sahun waɗanda suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, kotunan shari'a suka maye gurbin kotunan yanki.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, kowane gyara ya fi mayar da hankali ne ga ilimin alƙali da magatakarda. Sauyin 1968 kuwa ya raba mai kai sammaci da ginshiƙin da ya dogara da shi, domin a da umurnin alƙali da na hakimi daga tushe ɗaya suke fitowa. Yanzu taimakon mai unguwa ya koma na mutunci da fahimtar juna, kuma samun sa gwaninta ce da sai an koya.

4.0 Matsayin Isar da Sammaci a Dokar Najeriya

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi cikin adalci kafin a yanke hukunci a kan haƙƙoƙinsa na madaniyya. Wanda bai san an kai ƙararsa ba babu yadda za a ce an saurare shi. Kotun Ƙoli ta shimfiɗa sharuɗɗan hurumin kotu a shari'ar Madukolu da Nkemdilim a 1962, ciki har da cewa dole ƙara ta zo gaban kotu ta hanyar da doka ta tanada. A shari'ar kamfanin Skenconsult da Ukey a 1981 ta tabbatar da cewa rashin isar da takarda a inda doka ta wajabta isarwa yana rushe duk abin da aka gina a kai. Ma'ana, komai kyawun hukuncin da alƙali ya rubuta, kuskuren masinja yana iya mayar da shi kamar ba a yi ba.

Ƙa'ida ta asali ita ce a miƙa takardar fara ƙara hannu da hannu ga wanda ake ƙara. Idan hakan ya gagara, mai ƙara ne zai nemi izinin kotu a isar ta wata hanya, kamar liƙawa a ƙofar gidan da aka san shi da shi na ƙarshe, ko miƙa wa wani baligi a gidan, ko bugawa a jarida. Mai kai sammaci ba shi da ikon zaɓar wannan hanya da kansa. Bayan isarwa zai rubuta shaidar aikinsa, sau da yawa a takardar rantsuwa, ya faɗi rana da lokaci da wuri da yadda ya yi. Kotu kan ɗauki wannan shaida a matsayin gaskiya har sai an kawo abin da ya rushe ta, kuma a kanta ake dogara a yanke wa wanda bai zo ba hukunci a bayan ido.

Akwai kuma dokar tarayya ta sherif da isar da takardun madaniyya, Babi na S6 na Kundin Dokokin Tarayya na 2004, wadda ta shafi manyan kotuna da na majistare. Sashe na 97 ya wajabta cewa sammacin da za a kai wata jiha ya ɗauki rubutacciyar sanarwa mai nuna jihar da ya fito da wadda za a kai shi, sashe na 99 kuma ya ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 kafin ya amsa. Kafin 1991 takardar da ta tashi daga Dutse zuwa birnin Kano ba ta bar jiha ba. A yau ta tsallaka iyaka, kuma wannan sharaɗi ya hau kanta. Kotunan shari'a suna da nasu ƙa'idojin gudanar da ƙara, amma manufar ɗaya ce.

Wajen zartar da hukunci dokar ta ƙara tsauri. Ba a zartarwa ranar Lahadi ko ranar hutun gwamnati, ko kafin ƙarfe 6 na safe, ko bayan ƙarfe 6 na yamma, sai da umurnin alƙali. Ana fara kama dukiyar da ake iya ɗauka, ba a taɓa gida ko fili sai ta gaza kuma kotu ta ba da izini. Kayan da aka kama ba a yin gwanjonsu sai bayan kwana biyar, in ba masu saurin lalacewa ba ne. Sashe na 25 ya keɓe tufafi da shimfiɗa da kayan sana'ar wanda ake bi bashi, amma iyakar darajar da aka rubuta naira goma ce, adadin da zamani ya daɗe da barin sa a baya. Fiƙihun Malikiyya ma ya ce a bar wa wanda bashi ya cinye dukiyarsa abin da zai ci da iyalinsa da tufafinsu.

5.0 Aikin a Ƙasar Aujara

Ƙa'idojin da aka ambata an rubuta su ne da tunanin mutum mai suna ɗaya tsayayye, mai gida mai lamba a kan titi mai suna. A ƙauyukan ƙasar Aujara lamarin ya sha bamban ta fuskoki huɗu.

Fuska ta farko ita ce suna. Bahaushe yana da sunan yanka, yana da laƙabi, kuma sau da yawa laƙabin ne kaɗai aka san shi da shi. Wanda aka rubuta Abubakar a takarda, Garba ne ko Habu ko Buba a gari. Usman Shehu ne, Ibrahim Iro ne. Muhammadu yana iya zama Sani ko Salisu ko Rabi'u ko Inuwa. Wanda ya ci sunan kaka ana kiran sa Abba ko Baffa, mace kuma Ummi ko Iya, ga kuma sunayen rana irin su Ɗanladi da Bala da Talatu da Asabe. Ɗabi'ar ɗaukar sunan gari a matsayin suna na biyu, wadda makarantun boko suka yaɗa, ta sa mutane da yawa suna iya amsa suna iri ɗaya sak. Alkunya ta ƙara ɗaure lamarin, domin matar aure ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye kuma sukan kauce wa sunan ɗan fari. Mai kai sammacin da ya tambayi dattijuwa ko nan ne gidan wane, ya ambaci sunan ɗanta na fari, ya ji ta yi shiru ko ta kauce, zai iya rubuta cewa an ƙi ba shi haɗin kai, alhali kunya ce ta hana ta amsawa.

Fuska ta biyu ita ce gida. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Da yawa daga cikin ƙararrakin kotunan shari'a na aure ne da ciyarwa da riƙon 'ya'ya da gado, inda mace take mai ƙara ko wadda ake ƙara. Doka tana son takarda ta shiga hannunta, al'ada kuma ta hana masinja shiga. Idan ya ba yaro ya kai ciki, ba shi da tabbacin wanda ya karɓa. Idan ya ba maigida, mai yiwuwa maigidan ne ko danginsa suke da amfani a cikin rashin zuwanta kotu, musamman a rikicin gado. Mafita tana ga neman a fito da ita zaure a gaban mai unguwa, ko a samu ma'aikaciyar kotu mace da za ta shiga.

Fuska ta uku ita ce lokaci. Da damina magidanci yana gona tun sassafe, wani lokaci a gonar da take nesa da gari. Da rani matasa da yawa suna tafiya ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, makiyaya kuma suna bin ruwa da ciyawa. 'Yan kasuwa suna zagaya kasuwannin mako, Shuwarin ranar Litinin, Maigatari ranar Alhamis, Gujungu ranar Lahadi. Ranar da aka fi sanin inda za a samu mai cin kasuwar Gujungu ita ce ranar da ƙa'idojin manyan kotuna galibi suka hana isarwa sai da izini. Juma'a kuwa, wadda doka ba ta hana ba, tana buƙatar hikima, domin miƙa wa mutum sammaci a ƙofar masallaci a gaban jama'a tozarci ne da kan mayar da ƙaramar husuma gaba mai tsawo.

Fuska ta huɗu ita ce harshe da rubutu. Takardun Babbar Kotu da Ingilishi ake rubuta su. Mai karɓa kuwa ƙila ajami kawai yake karantawa, ko kuma Fulatanci ne harshen gidansa. A aikace mai kai sammaci shi ne tafinta na farko a shari'ar. Abin da ya faɗa a ƙofar gida shi mutum zai ɗauka a matsayin abin da takardar ta ƙunsa. Idan ya ce ana neman ka a kotu ya tsaya nan, bai bayyana cewa rashin zuwa yana iya jawo hukunci a bayan ido ba. Idan ya zarce ya ce ai ba ka da gaskiya, ko ya ce kada ka damu ba wani abu ba ne, ya shiga hurumin alƙali.

A wajen kama dukiya waɗannan matsaloli sukan ninka. A gidan Bahaushe gado da katifa da kwanuka da sauran kayan ɗaki na matar ne, iyayenta suka yi mata. Akuya ko tunkiyar da ke tsakar gida ma sau da yawa tata ce. Shanun da ke hannun makiyayi ƙila kiwo aka ba shi, hatsin da ke rumbu ƙila na gandu ne da 'yan'uwa suka yi tarayya a kai. Wanda bai san wannan ba zai kama dukiyar wanda ba a bi bashi, ya haifar da sabuwar ƙara a kan wadda aka gama.

6.0 Yadda Wasu Ƙasashe Suke Yi

A Faransa aikin sana'a ce mai zaman kanta wadda sai mai digiri a fannin shari'a yake shiga, bayan jarrabawa da horo na musamman. A ranar 1 ga Yuli, 2022 aka haɗe masu isar da takardu da masu gwanjon kotu suka zama sana'a ɗaya. Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan tsari, tana kuma bin dokar bai-ɗaya ta ƙungiyar OHADA kan karɓo bashi da zartar da hukunci, wadda aka amince da ita a 1998 aka sabunta a 2023. Ke nan Bahaushen Maraɗi da na Jahun suna karɓar takardar kotu daga hannun ma'aikata biyu da matakin karatunsu ya bambanta ƙwarai. A Ingila, tun daga 2014, mai kama dukiya saboda bashi sai ya samu takardar shaida daga alƙali, wadda ake sabuntawa duk shekara biyu, ya kuma ajiye jinginar fam 10,000.

Amurka ta ba da misalin abin da sakaci ke haifarwa. A 2009 babban lauyan Jihar New York ya shigar da ƙara yana neman a soke hukunce-hukunce kusan 100,000 da aka yanke a bayan idon mutane, bisa zargin cewa an yi rantsuwar ƙarya cewa an kai musu takardu. Bayan haka birnin New York ya tsaurara sharuɗɗan lasisi, ya wajabta wa masu isarwa amfani da na'urar da ke nuna wurin da suke a lokacin da suka ce sun isar.

A Najeriya mai kai sammaci ma'aikacin kotu ne, Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce take ɗaukar sa aiki take kuma ladabtar da shi. Jihar Legas ta buɗe ƙofa a ƙa'idojinta na 2004, inda babban joji zai iya yi wa ofisoshin lauyoyi da kamfanonin aika saƙo rajista su riƙa isarwa. Kotun Ƙoli kuma, a shari'ar kamfanonin Compact Manifold da Pazan a 2019, ta amince da sanar da ranar zama ta saƙon waya. Wannan sauƙi ya fi dacewa da wanda ya riga ya shiga shari'a kuma yana da lauya. Ga manomin da ke sauya layi, ko yake ba wani ya karanta masa saƙo, takardar farko tana nan tana buƙatar mutum ya kai ta.

7.0 Abin da Horon Ya Kamata Ya Ƙunsa

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da sassa biyar na manhaja. Na farko ilimin doka: bambancin nau'o'in takardu, wa'adin kowace, iyakar ikon masinja, da hukuncin fiƙihu kan kiran abokin husuma da wanda ba ya nan. Na biyu rubuta shaida, domin takardar da ta ce an kai masa kawai ba ta da amfani idan aka yi musu. Ya kamata ta nuna wanda ya nuna gidan, da laƙabin da aka san mutumin da shi, da kalmomin da aka yi masa bayani da su, da ko ya sa hannu ko ya dangwala yatsa ko ya ƙi. Na uku harshe da al'ada: sunaye da laƙubba, gaisuwa da ladabin zaure, tsarin mallakar dukiya a gida, da jimloli tsayayyu na bayani a Hausa da Fulatanci. Na huɗu amana. Al'adar barin mai ƙara ya ɗauki nauyin tafiyar masinja hannu da hannu tana sa wanda ake ƙara ya ɗauke shi yaron abokin husumarsa, don haka kuɗin isarwa ya kamata ya bi ta ofishin kotu da rasit. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyar kare kai da kwantar da tarzoma, da sanin lokacin da ya kamata a ja da baya a nemi rakiyar 'yan sanda, tare da amfani da waya wajen ɗaukar hoton wurin da aka liƙa takarda.

Cibiyoyin da za su iya ɗaukar nauyin wannan suna nan. Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da ke Abuja, wadda aka kafa a 1991, tana shirya bita ga alƙalai da ma'aikatan kotu, sai dai cibiya ɗaya ba za ta wadatar da ƙananan ma'aikatan jihohi 36 ba. Kwalejin nazarin shari'a ta Ringim da takwararta ta Aminu Kano da ke Kano sun fi kusa, kuma sun saba koyar da dokar ƙasa da fiƙihu a tare. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa suna cikin jihar. Kwas na 'yan makonni mai takardar shaida, wanda za a ɗaura ƙarin girma a kansa, zai fi bitar kwana ɗaya tasiri.

Rabon masana Hausa a nan a bayyane yake. An fassara kundin laifuffuka na Arewa zuwa Hausa tun farkon aiki da shi, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana aikin daidaita kalmomin fannoni. Takardun da talaka ke karɓa a ƙofar gidansa sun cancanci irin wannan kulawa. Ana buƙatar daidaitacciyar fassarar sammaci da sanarwar ranar zama da takardar kama dukiya, a boko da ajami, cikin Hausar da za a karanta wa mutum sau ɗaya ya gane abin da ake nema da abin da zai biyo baya idan bai zo ba. Ana buƙatar ƙaramin jadawalin sunaye da laƙubbansu don amfanin magatakarda. Akwai kuma fagen bincike a kan zancen da ke gudana tsakanin masinja da mai karɓa, wanda ya shafi nazarin ma'ana da walwalar harshe da fassara.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fiƙihun Malikiyya da dokar Najeriya sun haɗu a kan sharaɗi ɗaya, cewa ba a yanke wa mutum hukunci sai an kira shi an ba shi damar magana, kuma mai kai sammaci ne yake cika wannan sharaɗi a aikace. An ga yadda suna da tsarin gida da yanayin shekara da harshe a ƙasar Aujara suke sa aikin ya buƙaci sani fiye da na hanya da babur. An kuma ga cewa ƙasashen da suka mayar da aikin sana'a mai jarrabawa da jingina sun yi haka ne domin ɓarnar da sakacinsa ke jawowa. Shawarar da ta fito ita ce ma'aikatar shari'a ta Jihar Jigawa, da kwalejojin shari'a, da sassan harsunan Najeriya na jami'o'i su haɗa hannu a kan abu biyu da za a iya farawa da su ba tare da sauya wata doka ba: kwas mai takardar shaida ga masu kai sammaci, da fassarar Hausa da za a riƙa haɗawa da kowace takardar kira da ta fita daga kotu.